Babi na Bakwai: Gidan Burodi a Tsohon Soro

A tsohon garin Agadez, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, akwai wani gidan ƙasa da ake kai baƙi bayan sun gama kallon hasumiyar babban masallaci da fadar Sarkin Abzin. Gidan Sidi Ka ne, amma an fi saninsa da gidan mai burodi. An gina shi a 1917, kuma bangon cikinsa cike yake da zanen da aka tayar da laka, da alkukai jere-jere, har mai shirya fim ɗan Italiya, Bernardo Bertolucci, ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa na 1990 a ciki. Masu zuwa gidan a yau bango suke zuwa kallo, amma sunan kaɗai ya isa ya nuna cewa mai sana'ar fulawa da gidan ƙasa sun daɗe da sabawa. A Kano ma haka abin yake. Gurasar da birnin ya yi suna da ita a cikin gidaje ake gasa ta, a tanderu, a unguwanni irin su Jakara, tun kafin a san burodin leda.

Abin da ya canza shi ne girman wutar da yawan ruwan. Mai gurasa tanderu ɗaya ko biyu gare ta a tsakar gida, hayaƙi da tururi su tashi sama su kama gabansu. Mai son buɗe ƙaramin gidan burodi a yau kuwa yana tafe da murhun ƙarfe mai hawa biyu ko uku, da injin kwaɓi, da tukwanen gas, da firji, da famfo, da janareta. Galibi matasa ne, da yawansu mata, waɗanda suka fara da kek da cincin da dubulan a kicin suna tallatawa a Instagram da WhatsApp. Ciniki ya buɗe, kicin ya yi kaɗan, hayar shago a titin Gidan Zoo ta fi ƙarfinsu. Ga kuma gidan kaka a Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi, magada sun watse sababbin unguwanni, an bar shi ga ɓera da jemage.

Ina goyon bayan wannan tunani ƙwarai. Gidan ƙasa da babu kowa a ciki mutuwa yake yi, domin damina kaɗan ba a duba indararo ba sun isa su kayar da soron da ya shekara ɗari. Sana'ar da ke cikinsa ita za ta riƙa biyan kuɗin yaɓe. Abin da ke damuna shi ne yadda ake fara aikin. Ana karɓar mabuɗi sai a kira mai siminti ya shafe bango ciki da waje, mai tayil ya bi bayansa, a rufe azara da silin roba ko POP, a shafa fentin mai, a jera ƙwayayen lantarki farare tas. A ranar buɗewa wuri ya yi kyau a hoto. Bayan damina biyu filasta ta kumbura, tayil ya fara amo idan an ƙwanƙwasa, ƙasa tana zubowa daga bayan silin, babu wanda ya san me ke faruwa a sama tunda an rufe. Sai a ɗora wa ginin ƙasa laifi, a ce dama ba ya jure sana'a, a rushe a sa bulo.

Tsara cikin irin wannan wuri yana farawa ne da tambayoyi biyu: ina wuta za ta zauna, kuma ina ruwa zai bi? Launin bango da fasalin kanta suna da muhimmanci, za mu zo kansu, amma wanda ya amsa waɗancan biyun ba daidai ba, duk adon da ya yi na ɗan lokaci ne.

Sai an san da me aka yi gidan kafin a gane dalili. Bangon tubali ne, curin ƙasa da aka busar a rana, aka jera aka cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa. A gindi kaurinsa yakan kai rabin mita ko fiye, yana sirancewa zuwa sama. Rufin azara ne, tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika ci ba, aka shimfiɗa asabari ko zana a kai aka ɗora ƙasa mai kauri. Azara ɗaya ba ta iya ɗaukar wannan nauyi a tazarar da ta wuce mita 2, shi ya sa ɗakunan da suke ƙanana, shi ya sa kuma magina suka ƙirƙiro baka da ɗaurin guga don su faɗaɗa zaure da soro. Wannan kauri na bango da rufi shi ne babbar kyautar gidan. Zafin rana yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin ya ratsa, sai dare ya yi yake isowa ciki, lokacin da iska ta riga ta yi sanyi. A watan Afrilu, da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, wanda ya baro ɗakin bulo mai rufin kwano ya shiga soro ba sai an yi masa bayani ba.

Mai burodi ya fi kowa buƙatar wannan. Kwaɓi ya fi son wuri mai ɗumi daidai, wajen digiri 25 zuwa 30. A ɗakin kwano da bazara yis yana gudu, kwaɓi ya tashi ya wuce, ya yi tsami, burodi ya faɗa a murhu. Da hunturu kuma, da asuba, sai a yi ta jira bai motsa ba. Ɗakin ƙasa yana rage wannan hawa da sauka ba tare da lantarki ba. Fulawa da bota da sukari ma sun fi daɗewa a cikinsa. Don haka tsofaffin ɗakuna su ne suka dace da sito, da wurin ajiye kwaɓi ya tashi, da shago.

Amma murhu ba na cikinsu ba ne, kuma lissafi kaɗan zai nuna haka. Buhun fulawa mai kilo 50 yakan sha ruwa lita 28 zuwa 30. In aka haɗa da sukari da bota da gishiri da yis, kwaɓin ya doshi kilo 85 ko 90. Tsakanin gashi da hucewa burodi yana rasa kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, wani lokaci fiye, kuma ruwa ne ke fita. Kowane buhu ke nan yana sakin lita 8 zuwa 10 a iska. Mai gasa buhu uku a rana yana zuba wa ɗakin kimanin jarka guda ta lita 25 ko fiye, kullum, ba a sa ruwan wanke gwangwanaye da na goge ƙasa ba. Tururi sama yake tashi, kuma a sama azara take, da ƙasar da ke riƙe da bakinta a cikin bango. Ƙasar ta yi laushi, bakin azara ya jiƙa ya fara ruɓa, gara da ta daɗe tana kewaye gidan ta samu hanya. Ƙara da zafin murhu da ke aiki a digiri 200 zuwa 230 a ƙarƙashin busasshen itace, da girgizar injin kwaɓi da ke bin ƙasa ta shiga bango.

Bangon ƙasa yana iya shan danshi kaɗan ya mayar da shi idan iska ta bushe, haka ya rayu tun asali. Siminti da fentin mai ne ke hana shi mayarwa. Danshin da ke hawowa daga ƙasa da damina, da wanda ya shiga ta tsaga, yana taruwa a bayan filasta ya rasa mafita. Kuma siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa tare idan zafi ya canza, don haka tun farko riƙon nasu ba mai ɗorewa ba ne. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama taɓo. Mafi muni, filastar tana ɓoye tsagar da za ta yi wa mai gida gargaɗi.

Amsar tana cikin tsarin gidan kansa. Gidan Bahaushe na birni jeri ne daga waje zuwa ciki: zaure a bakin hanya, inda baƙo ke tsayawa, sai shigifa ko soron ciki, inda na kusa ke wucewa, sai tsakar gida, inda ake girki da wanki da daka, sai ɗakuna a kewaye. Wuta da ruwa dama a tsakar gida aka ajiye su. Gidan burodi ma jeri ne, sai dai daga ciki yake fitowa: fulawa ta fito daga sito, a auna, a kwaɓa, a yanka a zuba a gwangwani, ya tashi, a gasa, ya huce, a ƙunshe, ya isa hannun mai saye. Idan aka ɗora wannan a kan wancan sai a ga sun hau juna kusan ba gyara. Sito a ɗakin can ƙurya. Kwaɓi da gashi da wanke-wanke a tsakar gida. Hucewa da ƙunshi a shigifa. Ciniki a zaure. Ɗanyen kaya ba ya haɗuwa da gasasshe a hanya, mai saye ba ya taka inda ake aiki.

A tsakar gidan ne ya halatta a yi sabon gini, kuma a nan nake son mai wuri ya kashe kuɗinsa na bulo da siminti da tayil ba tare da jin kunya ba. Ɗaki ɗaya, mai tsayin rufi, da tagogin fitar zafi can sama an sa musu raga, da fankar zuƙe iska a kan murhu, da bututun hayaƙi da ya wuce tsayin rawanin gidan da na maƙwabta. Tayil har sama, teburin silba, ƙasa mai ɗan gangare zuwa magudana. Injin kwaɓi a kan dandamalinsa na kankare shi kaɗai. Sharaɗin shi ne kada sabon ya jingina da tsohon. A bar tazarar da magini zai iya shiga da kwandon ƙasa ya yi yaɓe, kuma kada a haƙa harsashi a gindin tsohon bango. Kada kuma a cinye tsakar gidan duka da rufi, domin daga nan kowane ɗaki ke samun iska da haske. Ruwan wanke-wanke ya bi bututu har ya fita, kada a sake shi ta tsohuwar rariya ya riƙa lasar gindin katanga.

Akwai wani haɗari da ya keɓanta da tsofaffin gidajen birni, kuma ban cika jin ana ambatonsa ba. Lungu yana hawa shekara da shekaru, saboda cikon ƙasa da ɓaraguzan gidajen da suka faɗi, har ya zamana wanda zai shiga wani zauren sai ya sauka taki ɗaya ko biyu. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. Idan ya yoyo ƙasa yake bi ya kwanta a wuri mafi zurfi, kuma ɗakin da ya fi lungu zurfi, mai ƙananan tagogi can sama, wurin taruwarsa ne. Tukwanen gas su zauna a fili, a inuwa, cikin kejin ƙarfe mai shan iska, nesa da bakin magudana da kowane rami. Ƙurar fulawa ma ba abin rainawa ba ce: tana jawo wa ma'aikata ciwon asma idan suka daɗe suna shaƙa, kuma idan ta yi yawa a iska tana kama wuta. Wannan ma dalili ne na kada a yi kwaɓi a rufaffen soro.

Kafin a biya kuɗin murhu a auna ƙofofi. Ƙofar tsohon zaure gajeriya ce kuma matsattsiya, lungun ma wani lokaci kura ce kawai ke shiga. Akwai murhun da hawa-hawansa ke rabuwa a shigar da su ɗaya bayan ɗaya a harhaɗa a ciki, shi ya kamata a nema. Wanda bai auna ba, ranar da kaya suka iso gudumar da ke kusa zai ɗauka, kuma abin da zai fasa sau da yawa ƙafar baka ce. Baka ba ado ba ce. Ɗaurin azara ne hawa-hawa da aka lulluɓe da ƙasa, shi ke ɗauke da rufin. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, ginin da masana irin su Dmochowski da Moughtin suka auna suka rubuta a kansa. Wani ɓangare na wannan masallaci ya rufta a watan Agusta na 2023, aka rasa rayuka. Idan ginin Babban Gwani bai fi ƙarfin faɗuwa ba, soron kakan kowa bai fi ba. A kira tsohon magini da injiniya su duba gidan tare kafin a taɓa komai, kowa ya ji ta bakin ɗan'uwansa. Injiniya ya san nauyi da lissafi, maginin kuwa ya san wace tsaga ce ta yaɓe, wace ce ta gini.

Masu son tarihi sukan so a bar komai yadda yake, a nan kuma nake rabuwa da su. Abinci ake yi, kuma duba-gari da jami'an NAFDAC suna da gaskiya da suke neman ƙasa da bango masu wankuwa, da raga a tagogi, da buhunan da ba sa taɓa ƙasa, da wurin wanke hannu da na canza kaya. Rufin azara yana zubar da ƙura. Bangon ƙasa ɓera yana iya haƙa shi. Sabon ɗakin tsakar gida ya warware mafi yawan wannan, amma sito da shigifa suna buƙatar tunani. A sito a yi yaɓe mai laushi a shafe da farar ƙasa, wadda ba ta toshe bango, kuma farinta yana tona kashin ɓera da hanyar gara tun da wuri. Buhuna su hau katako kamar santimita 15 daga ƙasa, a janye su daga bango yadda mutum zai zagaya da tsintsiya da tocila. A shigifa, inda burodi ke hucewa tsirara, ko dai a yi silin mai ƙofar leƙawa, ko a sa burodin a kantoci masu rufi da raga. Na fi son na biyu, don idon mai wuri ya ci gaba da ganin azararsa. Wurin tashin kwaɓi kuma ya zama rufaffen akwati, danshinsa ya tsaya a cikinsa.

Sai zaure, inda mai saye zai gani, inda kuma burodi ya riga ya shiga leda ko gilashi, don haka babu dalilin ɓoye rufi. A kakkaɓe azara a goge ta, a gyara yaɓen baka, a bar su a fili. Babu silin da za a saya a kasuwa da zai kama ƙafar ɗaurin guga.

Ƙasan zaure matsala ce ta gaske. Daɓe yana da kyau amma ba ya jure tsumma da ruwa kullum. Tayil mai sheƙi yana santsi da zarar garin fulawa ko ruwan takalmi ya taɓa shi, kuma idan aka ɗora shi a kan kankare, danshin ƙasa da ya rasa hanya sai ya karkata ya hau bango. Jan bulo na gashi da aka jera a kan yashi ya fi dacewa: yana sharuwa, yana goguwa, yana barin ƙasa ta yi numfashi, in ɗaya ya fashe a cire shi kaɗai. Dokin ƙofa kuma kada a sare shi don neman sauƙin shiga, shi ke tare ruwan lungu a watan Agusta. A yi masa taki mai faɗi ciki da waje, da abin kamawa ga tsofaffi.

Zaure ƙofa ɗaya gare shi ta waje, mai shiga da mai fita nan za su bi. Idan aka gicciya kanta a gaban ƙofar, mutum uku sun cika wuri, na huɗu yana lungu. A kwantar da ita a gefe, ta bi tsawon bango, ƙarshenta ya kai bakin ƙofar shigifa, yadda farantin burodi zai fito ya sauka bayan kanta kai tsaye. Mai shiga ya fara cin karo da kaya, ya ƙare da biyan kuɗi, ya juya ya fita. Bayan kanta a bar kusan mita ɗaya, don mutum biyu su gifta. Tsayin kanta da aka saba santimita 90 ne, amma duk wanda ya zauna cikin birni ya san su wa ke sayen burodi a lungu. Yara ne 'yan aike, da kuɗi a dunƙule a hannu. Yaro ɗan shekara shida ba a ganinsa a bayan doguwar kanta, sai manya su yi ta wuce shi. A rage wani ɓangare zuwa santimita 70, a sa akwatin gilashi ya sauko ƙasa yadda zai nuna abin da aka aiko shi da yatsa.

Batun wurin zama ya fi wuya, kuma littattafan tsara shago na ƙasashen waje ba za su taimaka ba, domin su kullum cewa suke a sa kujeru mutane su daɗe. Zaure a al'adance wurin maza ne. Da zarar an bar dakali mai daɗi a ciki ko a ƙofa, cikin mako guda majalisa ta kafu, kuma matar da za ta sayi kek ɗin suna ko alkakin biki ba za ta ratsa maza shida ta shiga ba. Za ta aiko yaro, ko ta tafi wani wuri, alhali ita ce mai babban ciniki, ita ce mai son gani da ido ta zaɓa. A zauren a bar ɗan benci ɗaya na mai jira, gajere, kusa da kanta, inda ba a sakewa a yi hira. In gidan yana da ɗaki na biyu kusa da zaure, a mai da shi wurin karɓar odar biki, da tabarma ko kujeru, mata su zauna a tsanake. Masu shayi da masu kanti da ke ɗaukar burodi da yawa da asuba a ba su wata ƙofa ko taga in akwai, in babu a tsayar musu da lokaci, don kada kwandunansu su toshe hanya. A kuma tuna da azumi: sa'a ɗaya kafin shan ruwa ita ce za ta gwada ko tsarin zauren ya yi.

Ƙofar zaure da ta shigifa ba sa kallon juna, an karkatar da su ne don kada na waje ya hango cikin gida. Yanzu ana yayin mai saye ya ga ana gasawa, har wasu na fasa bango don haka. Idan akwai sauran iyali a wani sashen gidan, wannan ba abin tattaunawa ba ne, sutura ta fi yayi. In babu kowa, ƙyauren gilashi a ƙofar da take nan ya wadatar. Ƙamshi kuwa ba ya buƙatar a buɗe masa hanya.

Launi ya zo ke nan. Burodi ja-ja ne, alkaki da cincin da dubulan duk dangin launin ƙasa ne, idan aka jera su a jikin jan bango sai su ɓace. Bangon bayan kanta shi kaɗai a shafe shi da farar ƙasa, ko a yi masa shuɗi mai duhu irin na baba, sauran a bar su da launinsu. Zaure wuri ne mai duhu, wanda ya shigo daga rana sai idonsa ya ɗan huta kafin ya gani, kuma kuskure ne a ce za a magance wannan da faɗaɗa taga ko cika rufi da fitilu. Kaya za a haska, ba ɗaki ba. Ƙwan lantarki mai ɗumin haske, wanda aka rubuta 2700K ko 3000K a kwalinsa, yana fito da jan ɓawon burodi. Fari mai shuɗi-shuɗi yana mai da shi kamar na jiya. Fitila ɗaya ƙarama da ke kallon sama ta isa ta nuna baka. Wayoyi su bi bututu a saman bango, kada a sassaƙa musu hanya a cikin tubali, kada kuma su ratsa tsakanin azara.

Wajen jera kaya ba sai mun je nesa neman malami ba. Iyayenmu mata sun ƙware a jere: kwalla da tasa da tangaran, iri ɗaya a layi ɗaya, babba a ƙasa ƙarami a sama, maimaici shi ne adon. Haka kantar burodi ya kamata ta kasance, cike, a tsare, iri-iri a layinsa. Alkukan da ke jikin bango, waɗanda aka yi don fitilar aci-bal-bal, su ɗauki kwalbar zuma ko ƙunshin shayi na sayarwa. Abin da ba na so shi ne a mai da zauren gidan tarihi na ƙarya, a rataye ƙwarya da faifai da tsohon takobi da aka sayo jiya a Kurmi, a manna dagin roba a kowace kusurwa. Duk tarkon ƙura ne, kuma hunturu zai cika su cikin kwana biyu. Mai son ganin kayan tarihi Gidan Makama yana nan. Idan bangon yana da zanensa na asali a gyara shi da hannun wanda ya iya. Idan ba shi da shi, ba laifi ba ne ya zauna haka.

Kantoci da akwatuna su tsaya da ƙafafunsu. Ƙusa ba ta riƙe nauyi a ƙasa, kuma akwai wani dalilin. Yawancin waɗannan gidaje na gado ne, mai burodi ɗaya ce cikin magada goma ko ashirin, ko kuma haya ta karɓa daga hannunsu. Duk abin da za a iya kwancewa a fitar ba tare da an raunata gini ba yana rage rigima ranar da wani baffa ya ce a raba. Haka allon suna: ƙarami, a rataye a ƙarfensa, kada ya rufe fuskar zaure da zankwayenta, waɗanda sun fi kowane allo saurin sa a gane wurin. Tankin ruwa kuwa kada ya kusanci rufin soro. Lita 1,000 tan guda ne, kuma tanki ba ya rasa ɗigo. Shi da faifan sola su hau hasumiyar ƙarfe a tsakar gida.

Saura abin da ba ya fitowa a hoto. A da ana kare rufi da bangon waje da laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara, ko kuma da makuba daga kwasfar ɗorawa. Da marina irin na Ƙofar Mata suka ja baya, katsi ya yi wuya, masu iya haɗin ma sun ragu, don haka mai gidan burodi ya nemi magininsa tun kafin ya buƙace shi, ya riƙe shi kamar yadda yake riƙe dilan fulawa. Kuɗin yaɓe ya shiga lissafin kowane wata tare da na gas da albashi. A watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin ruwan farko, a hau rufi a cike tsaga, a fishe indararo, a tabbatar bakinsa ya yi nisa da bango. A irin wannan mako ne ya dace a janye kantoci, a kwashe sito, a duba bakin kowace azara da tsinken ƙarfe, a sabunta farar ƙasa. Yana nufin rufe shago kwana biyu ko uku, don haka a sanar da masu shayi tun da wuri su nemi inda za su ɗauka. Bayan kowane babban ruwa na Agusta kuma wani ya sake hawa ya duba, ko da an yi yaɓen bana.